Muryar da ke Ƙarƙashin Kaka

Ranar Talata aka sare Kaka, tsohuwar bishiyar da ke tsakiyar lambun Kessler. Doreen Pasternak ta gani da idonta ta tagar motar 'yan makaranta da take tuƙawa, tana tsaye a danja, yara arba'in suna ihu a bayanta. Ga mutane uku da zarton inji, ga rassa zube a kan ciyawa, ga sararin sama a wurin da ba a taɓa ganin sama ba. Danja ta ba da hannu ba ta ankara ba, sai da na bayanta ya matsa mata hon. Ta leƙa ta gaya masa wata magana da ba ta dace da kunnen yara ba, sannan ta ja mota.

Ba bishiyar ce ta dame ta ba. Kowa ya san cikin Kaka ya ruɓe tun da reshenta ya faɗo ya ragargaza benci a watan Agusta, Allah ya kiyaye ba kowa a kai. Abin da ya tsaya wa Doreen a rai shi ne Elmer Varga, da abin da ya bari a ƙarƙashin bishiyar nan shekara ashirin da uku.

Elmer da Doreen 'yan ƙungiya ɗaya ne, ta masu neman tsoffin sulalla a lambunan gari. Ba su fi mutum ashirin ba, yawancinsu gwiwa ta fara ba su matsala. Su ne ake gani da safe suna tafe sannu-sannu, kai a sunkuye, abin sauraro a kunne, suna kaɗa na'urar gano ƙarfe dama da hagu kamar masu shara da tsintsiyar da ba ta share komai. Yara na tambayarsu ko sun sami zinariya. Manya ba sa tambaya, sun riga sun yanke hukunci. Kowannensu na da takardar izini daga ofishin lambuna, da sharuɗɗa a bayanta: ba shebur sai wuƙar tono, ba tono a ƙarƙashin rassan itace saboda saiwa, ba shiga inda aka kewaye da shinge.

To, wata safiya a watan Afrilu, shekara ashirin da uku da suka wuce, Elmer ya ji murya. Haka suke kiran ƙarar da na'ura ke yi a kunne. Ƙusa da ƙarfe mai tsatsa gurnani suke yi, azurfa da tagulla kuwa siririyar murya gare su, mai tsabta. Wannan siririya ce, daga can cikin ƙasa, kuma ta kowace fuska ya kaɗa na'urar ba ta canjawa. Taku uku ne daga gindin Kaka, tsakanin manyan saiwoyi biyu. Ba mai ganinsa a lokacin, kuma minti biyar sun ishe shi. Ya ɗaga kai ya ga rassa sun rufe shi ruf, sai ya gyaɗa kai ya wuce.

Tun daga ran nan, duk shekara, ranar da ƙasa ta saki daga ƙanƙara, wurin yake fara zuwa. Ya kunna na'ura, ya kaɗa sau uku, ya saurara, ya wuce. Cewa yake ya je gaisuwa. 'Yan ƙungiya duk sun je sun ji, kowa da nasa hasashen a shagon kofi ranar Juma'a. Wani ya ce dala ce ta azurfa, wani ya ce agogon aljihu, wani ɗan baƙin ciki ya ce murfin gwangwanin fenti ne, in aka tono kunya za a ji. Amma ba wanda ya taɓa kai wuƙa wurin ko da a ɓoye. Muryar Elmer ce, kuma a cikinsu ba a tonon muryar wani.

Doreen ta hanyar kunya ta san shi. Shekarar da mijinta ya rasu ta sayi na'ura don ta rage zaman gida, ta fita a watan Agusta, lokacin zafi da fari a garin, ƙasa ta bushe ƙamas, ta dinga yanke ciyawa zagaye tana ɗagawa tana mayarwa. Ita a ganinta ta rufe ramukanta tsaf. Bayan mako guda sai ga da'irori goma sha bakwai rawaya a tsakiyar koren fili, kowace da 'yar jar tuta soke a kai. Clifton Mabry, shugaban masu kula da ciyawar lambun, shi ya soke tutocin, ya ɗauki hoto, ya kai ofis yana neman a hana kowa tono. Da Doreen ta je ganin ɓarnarta sai ta tarar da wani tsoho da ba ta sani ba a durƙushe, da galan-galan na ruwa a cikin tsohon keken jarirai, yana shayar da da'irorin ɗaya bayan ɗaya. Kwana goma sha biyu yana zuwa. Bai taɓa ce mata ke kika yi ba, abin da kawai ya ce shi ne ta riƙe masa galan.

Elmer ke nan, shi ya koya mata yanka. Ba a yanka zagaye. Gefe uku ake yankewa, a bar na huɗu a manne, a buɗe shi kamar ƙyaure, don saiwar ciyawa ta ci gaba da sha. A shimfiɗa ƙyalle a zuba ƙasa a kai. In fari ya yi, a bar na'ura a gida a tafi kamun kifi. Sai kuma dokarsa ta kansa, wadda ba ta cikin takardar kowa: abin da ka ciro, jefa shi a jaka da ƙasarsa, ka rufe raminka, sannan ka duba. Doreen ta sha gaya masa wannan dokar mugunta ce tsagwaronta. Shekara tara ke nan tana bin ta.

Ranar Laraba da hantsi, tsakanin kai yara da ɗauko su, ta sami Elmer inda ta san za ta same shi. An kewaye kututturen da shingen roba ruwan lemo, wanda ko kare ba zai girmama ba, an kuma kafa allo: za a gina wa yara wurin wasan ruwa, aiki zai fara ranar Litinin. Katafila za ta kwashe ƙasa, a zuba kankare. Elmer na tsaye da hularsa mai rufe kunne, hannu a aljihu, shekara saba'in da tara, da ƙyar ya kai kafaɗarta.

Doreen ta fara yi masa bayani da ƙarfi, don da ƙarfi ake masa magana yanzu. Bishiya ta mutu, saboda haka ba rassa, ba saiwar da za a cuta. Sharaɗi ɗaya ya faɗi ke nan. Saura shinge.

"Tsoho, wannan abin ko ƙuguna bai kai ba. Asabar da sassafe, ni in tsaya ina duba hanya, kai ka ɗaga ƙafa. Shi ke nan fa."

"Na ji ki, Direba."

"Ka ji ni, ko dai ka ga bakina na motsi?"

"Duka biyun. Shinge ne."

"Roba ce."

"Shingen roba ne," in ji shi. "Sunana ne a takardar nan. Ban taɓa jawo wa ƙungiya magana ba, ba kuwa a shekarata ta ƙarshe zan fara ba."

Bai taɓa faɗa da bakinsa cewa zai daina ba sai ran nan, ko da yake ita ta daɗe da sani. Elmer ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injuna a masana'antar gilashi. A can ya koyi sauraro: yakan dasa bakin sukudireba a jikin inji, ya tokara ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya faɗa maka abin da zai lalace nan da wata guda. A can kuma ƙara ta cinye masa kunne. Abin haushi, kunnen tsufa siraran muryoyi yake fara saki. Gurnanin ƙusa yana ji sarai, azurfa ce ta daina yi masa magana. A watan Yuni Doreen na biye da shi ta ga ya wuce ta kan wata murya da ta kusa fasa mata kunne, ta tono, sulen azurfa ne, inci uku kacal. Ta jefa a jaka ba ta nuna masa ba, ta koma mota ta yi kuka. Ta ba shi aron na'urarta ta zamani mai allo da lambobi, ya juya ta a hannu ya mayar mata, ya ce shi ba kallon talabijin ya fito ba.

"Da na zo gaisuwa a Afrilun nan," in ji shi, yana kallon kututturen, "ba ta amsa ba. Na san tana nan. Ni ne ba na nan."

Ranar Alhamis Doreen ta je ofishin lambuna. Wata matashiya mai fara'a ta saurare ta har ƙarshe, ta ce labarin ya taɓa mata zuciya, ta miƙo mata fom mai shafi huɗu. Kwamiti na zama sau ɗaya a wata. Doreen ta tambaya ko kwamitin na da na'urar da ke ji ta cikin kankare. Matashiyar ta rage murya ta ce har safiyar Litinin filin bai zama na ɗan kwangila ba, yana hannun mai kula da lambun, wanda ya buɗe wa shinge ya buɗu. Doreen ta tambayi sunansa don dai ta tabbatar da rashin sa'arta. Clifton Mabry ne.

Ranar Juma'a ta same shi a rumfar kayan aiki yana wasa wuƙar injin yankan ciyawa. Dogon mutum ne, furfura ta cinye gemunsa, ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar komai. Shekara tara suna haɗuwa a lambun nan, ita ta kau da kai, shi ya kau da kai. Ta zo da kwalin donat, ta kuma ji kunyar kwalin tun kafin ta ajiye shi.

"Mista Mabry, ban sani ba ko ka gane ni."

"Goma sha bakwai," in ji shi, bai ɗago ba.

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga Doreen. Ta ba shi labarin duka, har da kunnen, har da shingen da tsoho ya ƙi tsallakawa. Da ta gama ya ce masu irin wannan sana'a su suka sa masa hawan jini. Akwai wanda ya zo da shebur ya bar rami har wata mata ta yi targaɗe, akwai wanda ya huda bututun ban ruwa ya rufe da ganye ya gudu. Doreen ta ce waɗannan ba 'yan ƙungiya ba ne. Ya ce ciyawa ba ta duba katin ƙungiya.

Ta ɗauki jakarta za ta tafi kafin bakinta ya ɓata abin da ya rage, sai ya ajiye aikin da yake yi.

"Wannan ɗan tsohon mai hula. Kin san na bi shi?"

Ba ta sani ba.

"Shekara biyu cur. Lokacin ina neman hujjar da zan sa a kore ku duka. In ga ya durƙusa, in sa ido a wurin, in ƙirga taku daga benci. Yana tafiya in je da tutata a hannu." Ya girgiza kai. "Ban taɓa soke ta ba. Har durƙusawa na yi ina shafawa da hannu, Madam. Ni da na shuka ciyawar. Na koma gida na ce wa matata akwai wani da ke raina min hankali."

Ya buɗe kwalin, ya duba, ya zaɓi mai cakulan. Ya ce gobe ƙarfe takwas, shi zai buɗe shingen da kansa kuma zai tsaya a wurin. Mutum biyu kawai, ba ya son 'yan kallo. Kuma ba don ita ba ne. Doreen ta ce ta sani, ta yi godiya, ta fita da sauri don kada ya ga fuskarta.

Asabar ta waye da sanyi da raɓa, ƙasa ta yi laushi daidai yanka. An ce wa 'yan ƙungiya kada su zo, saboda haka goma sha ɗaya suka zo, suka jeru can bakin hanya da kofunan kofi, wai kurege suka fito kallo. Mabry ya kwance waya biyu ya naɗe shingen gefe. Elmer ya cire hula ya gaishe shi, Mabry ya ce, "Mista Varga." Gaisuwarsu ta farko ke nan a shekara ashirin da wani abu.

Elmer ya ƙirga taku uku daga kututturen. Amma da babu rassa a sama, ga garin katako ya rufe ko'ina, wurin ya zame masa baƙo. Ya share da ƙafa, ya sa abin sauraro, ya kunna tsohuwar na'urarsa da aka ɗaure wa ƙota da salatif, ya kaɗa. Ya matsa ya sake kaɗawa. Doreen na kallon bayan wuyansa, ta ga yadda ya ƙage, ta san ba ya jin komai. In ya yanka da kintace ya kuskure, sai ya yi ta ramuka yana ɓarna a gaban Mabry da dukan ƙungiya. Ta san shi, gara masa ya koma gida bai san mene ne ba har abada.

Ba ta tambaye shi ba. Ta matsa ta cire abin sauraron daga kansa ta sa a nata. Wayar gajera ce, dole ta manne da kafaɗarsa. Ya dube ta, ta ce masa da ƙarfi ya kaɗa mana, ita ba yini ta zo yi ba. Sai ya kaɗa.

Hannun dai yana nan yadda yake. Faifan na'urar na tafiya daidai wa daida da ƙasa, yana shafar kan ciyawa, ba garaje ba jan jiki. Doreen ta ji gurnani, ta ji shiru, ta sake jin gurnani. Sai ga ta, siririya, mai tsabta, daga can ƙasa. Tsikar jikinta ta tashi. Ta matse masa hannu. Ya dawo da faifan, ta sake matsewa. Ya zagaya ta ɗaya fuskar tana biye da shi, ya rage kaɗawa, ya rage, har faifan ya tsaya cak a wuri guda, kusan taku ɗaya daga inda ya fara nema.

"Yaya take?" in ji shi.

"Yadda ka bar ta."

Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, kowace da nata ƙorafin. Ya shimfiɗa ƙyalle. Ya soka wuƙa a tsaye ya yanka gefe uku, ya sa hannu ta ƙasa ya buɗe ciyawar. Mabry ya matso ya dafa gwiwoyi ya ƙura ido. Baƙar ƙasa ta fara fitowa, sannan ja, Elmer na ɗiba da hannu yana tarawa a ƙyalle, baƙa gefe guda, ja gefe guda. Ya tarar da wata saiwa mai kaurin yatsa ta gitta ramin. Doreen ta ce ya yanke ta, ai bishiyar ta mutu. Ko bai ji ba ne, ko bai ga damar ji ba, ya dai bi ta ƙarƙashinta da yatsu. Hannunsa ya nutse har kusan gwiwar hannu, sai ya tsaya. Ya laluba a hankali, ya fito da dunƙulen ƙasa kamar ƙwan agwagwa, da ɗan kore-kore na leƙowa ta gefe.

Ya jefa shi a jaka ya ja zif.

Daga bakin hanya aka ji wani ya yi nishi. Doreen ta ji kamar ta shaƙe tsohon nan. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Elmer, jibi katafila za ta kwashe wurin nan gaba ɗaya. Har ciyawar, har ƙasar, har ramin naka. Don Allah buɗe jakar."

Mabry ma ya sa baki, ya ce a bar shi haka, shi ya yafe wannan.

"Na jibi aikinsu ne," in ji Elmer. "Wannan ramin ni na tona shi."

Ya mayar da jar ƙasa farko, ya danna da dunƙulen hannu. Ya bi da baƙa, ya karkaɗe ƙyallen a ciki har ƙwayar ƙarshe. Ya rufe ciyawar ya daidaita bakinta, ya dafa kafaɗar Doreen ya miƙe ya taka da diddige sau uku, ya sake durƙusawa, ya tayar da ciyawar da yatsu kamar mai taje kan jika. Har garin katakon da ya share sai da ya dawo da shi ya barbaɗa. Ya kusa minti goma yana wannan aikin. Doreen ta daina jin haushi tun a tsakiya. Abin da take ji alfahari ne, cewa wannan mutumin ne ya koya mata.

Mabry ya kau da ido ya dubi hanya na ɗan lokaci, da gangan, sannan ya dawo da kallonsa ƙasa. Ya zagaya. Ya durƙusa ya shafa da tafin hannu. Ya miƙe yana karkaɗe wando, ya ce a gabansa aka yi, kuma har yanzu raina masa hankali ake yi.

Sai a sannan Elmer ya zauna a kan kututturen Kaka ya buɗe jaka. Ya ɓare ƙasar da babban yatsa kaɗan-kaɗan. Ba dala ba ce, ba agogo ba ne. Ƙararrawar doki ce ta tagulla, mai zagaye, da tsaga a ƙasa da zanen fure a jiki, irin wadda ake rataya wa dokin da ke jan amalanke a kan dusar ƙanƙara tun kafin a san mota. Elmer ya zaro tsinken sakace daga hula ya dinga sakace ƙasar da ke cikin tsagar. Doreen ta zuba masa ruwa daga gorarta. Laka ta fito, ta sake fitowa, sannan wani abu ya motsa a ciki.

Ya riƙe ta da yatsu biyu ya kaɗa.

Ta yi ƙara. Siririya, a ɗan dishe, amma har bakin hanya aka ji, don Doreen ta ga kofuna sun sauka daga bakuna. Mabry ya yi dariya, abin da ba ta taɓa sanin yana yi ba.

Elmer na kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya sake kaɗawa kusa da kunnen dama, ya koma na hagu. Murmushin da ya fara bai ƙarasa ba.

"Tana magana?" in ji shi.

Doreen ta gyaɗa kai. Ta so ta ce masa ba wata ƙarar kirki ba ce, bai yi asarar komai ba, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, shi ma ba yarda zai yi ba.

Ya juya ƙararrawar a tafin hannu. Sannan ya laluba aljihun ƙirji ya ciro ɗan sukudireban da ba ya rabuwa da shi tun zamanin masana'anta. Ya zura bakinsa a zoben da ke kan ƙararrawar, ya ture hula gefe, ya tokara ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ya ɗan buga ƙararrawar da farce.

Fuskarsa ta saki. Ya sake bugawa, ya sake, leɓɓansa na motsi.

"Ta amsa, Direba," in ji shi, bai buɗe ido ba.

Mabry ya je ya kama bakin shingen zai mayar, sai ya tsaya da wayar a hannu. Doreen ta zauna a gefen kututturen, abin sauraron na rataye a wuyanta, ta bar tsoho ya gama gaisuwarsa.